Korona Ba Ta Tsallake Gure Ba: Martani

 Malam, na karanta maƙalar da ka rubuta kwanan baya a kan shekarun korona a jihar Damagaram, inda ka ɗauki Gure ka kafa hujja da ita. Ga abin da na fahimta daga bayaninka. Ka ce annobar ta tsallake mu, tunda ba mu ga gawawwaki jibge ba kamar yadda aka nuno a Italiya da Amurka. Ka ce kiran da ƙungiyoyin agaji suke yi na a fassara saƙonnin lafiya zuwa kowane harshe hanyar neman kuɗi ce kawai, domin a Gure babu wanda ba ya jin Hausa. Sannan ka ce in ma akwai abin zargi, to ƴan ci-rani ne da makiyaya masu tsallaka iyaka yadda suka ga dama, kuma da an ƙara matse su da an fi samun kwanciyar hankali. Ban yarda da kai ba. Amma akwai inda ka faɗi gaskiya, kuma da nan zan fara.

Alƙaluma suna bayanka. Daga ranar 19 ga Maris 2020, da ministan lafiya na lokacin, Dakta Idi Illiassou Maïnassara, ya sanar da mutum na farko da ya kamu, har zuwa Mayun 2023 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fita daga halin gaggawa, waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk faɗin Nijar ba su kai 10,000 ba. Waɗanda aka rubuta sun rasu kuwa ɗari uku ne da ƴan kai. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗauke ninkin wannan a shekara guda, yawancinsu ƙananan yara, kuma ba a taɓa rufe masallaci saboda shi ba. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su wuce shekara 15 ba, ita kuwa korona tsofaffi ta fi kayarwa. Allah ya yi mana sauƙi, kuma mun gode masa.

Sai dai alƙalami abin da aka kawo gabansa yake rubutawa. A farkon annobar, cibiyar CERMES da ke Yamai ce take yin gwajin, tsakaninta da Gure kuwa ya haura kilomita 1,000. Tsohon da ya yi kwana huɗu yana tari a wani mashekari arewa da Kelle, ya cika da hantsi, aka yi masa sutura kafin la'asar, babu takardar da ta san da shi. Ba ina cewa an yi mace-mace a ɓoye a ƙasar Gure ba ne. Ina cewa lissafin da ka dogara da shi ba zai iya gaya maka an yi ko ba a yi ba. Dubi Kano. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara cewa abin ya yi yawa, hukuma tana musantawa, sai a watan Yuni ministan lafiya na Najeriya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye suna iya kasancewa da nasaba da korona. Mu ma nan, cikin mutanen farko da aka tabbatar cutar ta kashe akwai ɗan wannan yanki, Mohamed Ben Omar, ministan ƙwadago, haifaffen Tasker, wadda har 2011 tana ƙarƙashin gundumar Gure. Ya rasu ranar 3 ga Mayu 2020 a Yamai, Allah ya jiƙansa. An san abin da ya kashe shi ne saboda minista ne, a babban birni yake, kusa da na'urar gwaji.

To, a ajiye wannan. A ɗauka babu rai ko ɗaya da ƙwayar cutar ta ɗauka daga Gidigir har Bune. Ko a haka ma maganarka ba ta tsaya ba, domin ta hanya annobar ta shigo mana, kuma cikin rumbu ta sauka.

Wanda ya san Gure ya san gona kaɗai ba ta riƙe gida. Ruwa gajere ne, rairayi yana cin gonaki yana binne kwaruruwan da ake samun dabino da kanwa da ɗan lambu. Hatsin da magidanci ya girbe a kaka, in ya kai shi wata biyar ko shida ya gode Allah. Sauran watannin ƙafa ce take ciyar da su. Da an gama ɗaurin dammuna samari suke ɗaukar jaka: wasu Kano, wasu Legas, wasu Nguru da Gashuwa, wasu su bi ta Agadas su shiga Libiya ko Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya na arewa. Ga-ruwa, shayi, gadi, yankan farce, lebura, kiwon dabbobin wani. Ba yawon banza ba ne, kuma ba jiya aka fara ba. Tun zamanin da Gure take fadar Muniyo, ƙarƙashin Barno, fatake suke loda gishirin mangul da kanwa su yi kudu su dawo da hatsi da tufafi. Iyakar da ake magana a kanta ta tarar da wannan hanya, ba hanyar ce ta tarar da ita ba.

Yanzu dubi lokacin da dokar ta sauka. Ranar 17 ga Maris 2020 Shugaba Issoufou Mahamadou ya ba da sanarwar rufe iyakokin ƙasa da filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram. Ranar 30 ga wata aka kulle Legas da Abuja. Tsakiyar Afrilu aka kulle Kano, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohin Najeriya har ƙarshen Yuni. Libiya da Aljeriya su ma sun rufe. Wannan shi ne daidai lokacin da ɗan ci-rani yake ƙulle abin da ya tara, ya sayi buhu biyu na masara da turmin zane da ɗan abin iri, ya kamo hanyar gida kafin ruwan shuka. Ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Wanda yake tura kurar ruwa a Kano, ranar da bai fita ba babu abin sawa a baka. Sai ya juya kan jarinsa yana ci. Ya cinye kuɗin iri, ya cinye kuɗin mota, ya sayar da wayar da yake kiran gida da ita. Ga naira an karya darajarta a wannan watan na Maris, abin da ya rage a aljihu in an canja shi zuwa sefa sai ya ƙanƙance. Kar ka manta kuma tun Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe Maigatari ba sai Disamban 2020. Nijar kuwa sai Yunin 2021 ta buɗe nata. Mutanen nan sun shiga annoba ne da rauninsu a jiki.

Ka taɓa tsayawa a tasha ka ga yadda kuɗin gida yake isowa? Akwai masu aikawa ta Nita ko Al Izza, amma mai ƙauye sau da yawa hannu ya fi yarda da shi. Direba ya sauko, ya zaro leda daga ƙasan kujera, ciki ƙulle-ƙulle ne kowane da alamarsa, wannan jaka goma na gidan wane, wannan jaka biyar da sabulu na tsohuwar wane. Yaron mota ya san wace mata ce za ta zo karɓa, ya san wanda zai ba saƙon in ƙauyen ya yi nisa da kwalta. Tare da kuɗin ake kawo labari: yana lafiya, ya ce a yi wa yaro kaciya, ya ce kar a sayar da akuyar. Da motoci suka tsaya, kuɗin da labarin tare suka yanke. Matar da take jira ba ta san mijinta yana raye ba ko yana cikin waɗanda ake cewa ana binnewa a Kano. Wannan zullumi na wata uku babu asibitin da ya auna shi, kuma a maƙalarka ban ga inda ka ba shi ko layi ɗaya ba.

Makiyayi ma haka. Raƙumi da sa da ragon ƙasar Gure da Tasker, kasuwarsu ta ƙarshe Najeriya ce. Dillalai su saya a Gidigir ko Subdu, a kora ko a loda zuwa Maigatari ranar Alhamis, daga can su wuce kudu. In mai saye daga can bai zo ba, farashi ya faɗi. Hatsi kuwa a bazara hawa yake yi. Wanda da akuya ɗaya take sayo masa abincin mako biyu, sai ya fitar da biyu. Ƙungiyar makiyaya ta Billital Maroobe ta yi ta kai kuka a 2020 kan garkunan da suka maƙale a bakin iyakoki, ba su iya isa makiyayar da suka saba ba, suka taru a kan rijiyoyi kaɗan. Duk wanda ya san karkara ya san abin da yake biyo bayan cunkoson dabbobi a kan rijiya ɗaya kusa da gonaki.

Gwamnati ta yi wani abu, ba zan hana ta haƙƙinta ba. An ƙara rabon abinci kyauta da sayar da hatsi a farashi mai rahusa. An kuma ce gwamnati za ta biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwan famfo na watannin Afrilu da Mayu. Amma wannan taimako mai mita ne yake cin moriyarsa. Bafillatanin da raƙumi yake ja masa guga, da matar ɗan ci-rani mai kwana da fitilar batir, ba su da lambar mita. Wanda ya maƙale a Sabha ko Kano kuwa ba ya cikin jerin sunayen can, don baƙo ne, ba ya cikin na gida, don ba ya nan ranar da aka rubuta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba saboda nauyinsa. Namijin da ya yi wata bakwai a waje ya dawo hannu biyu, da dare yake shigowa gari. Ba ya zama a majalisa. Mai kanti da ya yi ta ba iyalinsa bashi da sunansa yana jira, surukai suna jira, ga auren ƙanwa da aka ɗaga don shi. Ga kuma maƙwabta suna janye jiki, wai daga ƙasar cuta ya fito. Aure nawa ya girgiza a kan wannan, gona nawa aka jinginar, yarinya nawa aka cire daga lakwal bayan an buɗe makarantu ranar 1 ga Yuni ba ta sake komawa ba? Limamai da masu gari da suke raba irin wannan rigima a zaure sun san abin da ya faru. Da ka tambaye su kafin ka rubuta cewa annoba ta tsallake mu.

Yanzu maganar harshe, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai, don da Hausa nake rubutu kuma ina ƙaunarta kamar yadda kake ƙaunarta.

Gaskiya ne Hausa ce take haɗa mutane a kasuwar Gure. Bamange da Batube da Bafillace da Ba'abzine da Balarabe, in sun haɗu a kan raƙumi, da ita suke ciniki. Amma wa kake gani a kasuwa? Maza masu yawo, waɗanda hanya ta koya wa harsuna. Ba ka ganin tsohuwar da ba ta taɓa wuce rijiyar garinsu ba, ba ka ganin amaryar da aka kawo daga arewacin Tasker, ba ka ganin yaran da suke bayan dabbobi. Su ne kuwa masu jinya a gida, su ne masu dafa abinci, masu wanke yaro, masu shiga gidan biki da gidan makoki. Duk saƙon annobar da bai isa kunnen mata ba, bai shiga gida ba. Kuma Hausar da mutum zai taya akuya da ita, ya gaisa, ya tambayi hanya, ba ita ce Hausar da zai bayyana yadda ƙirjinsa yake masa ba, ko ya gane dalilin da ya sa mai lafiya garau zai iya shafa wa tsohon gidansu cuta, ko ya fahimci me ya sa allurar sai an yi ta sau biyu. Wannan bayani ko ga wanda aka haifa cikin Hausa sai an maimaita.

Na ga wannan da idona a wata ƙaramar likita ta karkara. Wata mata ce Batuba ta kawo ɗanta jikinsa zafi rau. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, mutumin kirki ne, daga yammacin ƙasa aka turo shi, yana da Zabarmanci da Faransanci da Hausa mai kyau. Ya tambaye ta kwana nawa yaron ya yi, ta ce to. Ya tambaya ko yana amai, ta ce to. Ya gane ba ta jin sa, ya aika waje a nemo mai jin Tubanci, aka shigo da wani yaro da bai wuce shekara goma ba, mai tallan ruwa. Yaron ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Da aka zo tambayar ko tana da ciki, don a san maganin da ita ma za a ba ta, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ba za ta amsa wannan a gaban yaro sa'an ɗan cikinta ba. Majo ya zana layi a jikin kwalin magani, ɗaya na safe ɗaya na dare, ya ɗaga yatsu uku. Ta karɓa ta tafi. Ko kwana uku ta fahimta, ko ƙwaya uku a lokaci guda, daga shi har ni babu wanda zai iya rantsewa. Wannan a ranar da babu annoba ke nan, babu layi, babu tsoro, babu takunkumin da ya rufe bakin mai magana.

Ba ni kaɗai na lura da haka ba. A 2017 ƙungiyar masu fassara ta Translators without Borders ta yi nazari a sansanonin ƴan gudun hijira na arewa maso gabashin Najeriya, wurin da harsunansa suka yi kama da namu. An gano cewa Hausa ce babban harshen mazauna a kashi 47 cikin ɗari na sansanonin, amma ma'aikatan agaji da ita suke magana a kashi 81. Da aka gwada mutane da ɗan gajeren rubutu na Hausa ko Barbarci, waɗanda suka gane saƙon ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba, matan da ba su yi karatu ba kuwa sun fi kowa zama a baya. Su ma ma'aikatan can abin da ka faɗa suke faɗa, cewa kowa yana jin Hausa. A gabashin Kwango lokacin cutar Ebola a 2019 an ga irin wannan, ana yi wa mutane bayani da Faransanci da Swahilin littafi, su kuwa nasu daban ne, rashin fahimta ya zama rashin yarda.

A Nijar doka ta san da harsunan nan. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, ciki har da Barbarci da Tubanci da Larabci da Fillanci da Tamajak. Gidan rediyon ƙasa yana ba su lokaci, gidajen rediyon karkara ma suna ƙoƙari, kuma na san an fassara wasu saƙonnin korona. Amma dubi yadda abin yake gangarowa. Sanarwar majalisar ministoci da Faransanci take fita. A mayar da ita Hausa da Zabarmanci a ranar. Sauran harsuna su jira rabonsu. Ko shirin Studio Kalangou, wanda ya yi aiki mai kyau a lokacin, da harsuna biyar yake fita: Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Tamajak da Fillanci. Babu Barbarci, babu Tubanci, harsuna biyu da ƙasar Gure ba ta zama sai da su. An ba da lamba 15 a kira in an ga alamun cuta. Tsohuwar da Barbarci kawai take ji, in ma akwai layin waya a garinsu, da wane baki za ta yi bayani?

Jita-jita kuwa ba ta jiran fassara. Saƙon murya ne a WhatsApp, daga ɗan'uwa da yake Libiya ko Maiduguri, da harshen da uwa ta yi wa mutum reno da shi, yana cewa cutar ƙarya ce, ko allurar tana hana haihuwa. Lokacin da allurar Sinopharm ta iso daga Sin a Maris 2021, wannan murya ta riga ta shekara tana yawo. Kuma tsoron yana da tushe, mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, wanda ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003. Irin wannan tsoro ba a cire shi da takarda manne a bangon ofishin magajin gari. Sai an zauna, an bar mutum ya yi tambaya, ya yi gardama, an ba shi amsa. Mutum kuwa ba ya gardama sosai da harshen aro, sai dai ya ce to, ya tashi da abin da ya zo da shi a zuciya. Ka tuna tarzomar da aka yi a Mirya a ƙarshen Maris 2020 kan hana sallar jam'i, da wadda ta biyo baya a Yamai cikin Afrilu, har aka buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu. Mirya garin Hausa ne. In umarnin da aka saukar ba tare da an zauna da mutane ba ya haifar da haka a inda ake jin harshen sarai, yaya kake zaton ya sauka a inda rabinsa aka tsinta?

Abin da yake ba ni mamaki shi ne kasuwa ta daɗe da warware wannan matsala. Babban dillalin raƙuma a Gidigir zai yi maka Hausa, ya juya ya yi Barbarci, ya juya ya yi Tubanci ko Fillanci, don ya san mai dabba ba ya sakin igiya sai ya ji magana ta kwanta masa da harshensa. Babu ƙungiyar agajin da ta koya masa. Kuma ana biyan sa la'ada a kan haka, babu mai cewa cin kuɗi ne. Abin da muka yarda a biya saboda cinikin raƙumi, shi ne kake cewa ɓarna ne in an biya saboda ran yaro.

Sai zargin matafiya. Ba na musun cewa cuta da ƙafa take yawo. Mutumin farko da aka samu a Nijar ma'aikacin wani kamfanin sufuri ne da ya bi ta Lome da Akara da Abijan da Wagadugu. Amma abin da wannan yake nunawa shi ne matafiyi ya kamata a fi kowa jawowa kusa. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal. Da aka rufe ƙofa, mutane ba su daina shigowa ba, sun daina bi ta inda ake ganin su ne. Suka hau babur da dare ta cikin daji, suka biya ninkin kuɗin mota, suka shiga gida ba wanda ya auna zafin jikinsu. Wanda aka gaya masa shi mai laifi ne, in tari ya kama shi ɓoyewa zai yi.

Kuma a daidai lokacin da ake hana talaka motsi, hukumomi da kansu suke kwasar mutane cikin manyan motoci. Gwamnonin arewacin Najeriya suka yanke shawarar mayar da almajirai garuruwansu a Afrilun 2020, aka yi ta loda yara ana sauke su daga jiha zuwa jiha, wasu aka same su da cutar bayan sun isa, dubbai kuma suka tsallako zuwa Maraɗi da Damagaram. Aljeriya ba ta daina zubar da mutane a bakin iyaka ba, inda wasu suke takawa kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa Asamaka, cikinsu har da mata da yaran ƙasar Kance da aka san su da wannan hanya tun kafin mutum 92 su mutu da ƙishirwa a 2013. Yaron da aka kai karatun allo yana ɗan shekara bakwai, aka ɗauko shi cikin dare aka ajiye a wurin killacewa tsakanin baƙin fuskoki, shi ne kake so a ƙara matsewa?

Abin bai ƙare da korona ba. Da aka dakatar da zagayen rigakafi a 2020, kuma iyaye suka ji tsoron zuwa likita, ƙyanda ta dawo da ƙarfi, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce waɗanda suka kamu a watanni ukun farko na 2021 sun kusan ninka na irin wannan lokaci a 2020 sau uku. Kwalara ta ɓarke a 2021, Damagaram da Maraɗi suna cikin inda ta fi tsanani. Daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 sanƙarau ya kama mutum fiye da 500 a jihar Damagaram, ya fi yawa a Dungas da ke bakin iyakar Jigawa. A 2023 mashaƙo ya biyo baya ta Matamai. Kowace daga cikinsu a kan hanyar da mutane suke bi take tafiya, kuma yaron da ya fi saurin kuɓuce wa masu allura shi ne wanda iyayensa suka tashi da dabbobi, ko wanda uwarsa ba ta ji sanarwar ranar zuwa ba.

A Maris 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama ita kaɗai ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Na yi murna, kuma na san kai ma ka yi. Amma mu da muka shekara sittin muna tsayawa a gaban tebur ana yanke mana hukunci da harshen da iyayenmu ba sa ji, mun fi kowa sanin zafin abin. In yau muka ce wa Bamange da Batube ai kuna jin Hausa, ku yi haƙuri da ita, to kujerar da muka yi kuka da ita muka hau. Hausa ba ta yaɗu daga Agadas zuwa Kumasi da tilas ba, mutane ne suka ɗauke ta don tana yi musu amfani, kuma ba ta buƙatar a toshe bakin kowa kafin ta tsaya.

Abin da nake nema ba shi da tsada kamar yadda kake tsoro. Kowace likita a ƙasar Gure da Tasker ta samu mace ɗaya da namiji ɗaya daga cikin mutanen wurin, masu jin harsunan da ake yi a kewayen, a koya musu aikin tafinta na jinya da riƙe sirri, a sa musu albashi cikin kasafin gundumar lafiya, ba a jira wani shiri na shekara biyu da zai zo ya wuce ba. Sanarwar annoba ta fita da murya, ba da rubutu kawai ba, kuma ta fita da Barbarci da Tubanci da Fillanci da Tamajak da Larabci a ranar da ta fita da Hausa. A ɗauki shugabannin tasha da direbobi da dillalai da masu masaukin baƙi a matsayin abokan aiki, tunda su ne suka san wa ya tafi, wa ya dawo, wane gida ne saƙonsa ya yanke. In kuma wata rana dole ta sa a sake rufe iyaka, a bar ƙofa ta dawowa gida inda za a auna mutum a ba shi ruwa da abinci, kuma a rubuta gidajen ƴan ci-rani cikin masu karɓar taimako tun makon farko, kafin a kai ga sayar da akuya da jinginar da gona. Hukumomin lafiya na Damagaram da na Jigawa da Yobe su riƙa musayar labari kai tsaye, ba sai ya zaga ta Yamai da Abuja ba.

In har yanzu kana ganin Hausa ta wadatar, Malam, gwajin mai sauƙi ne, kuma a shirye nake mu yi shi tare. Mu ɗauki saƙon rigakafi ɗaya na minti biyu, mu bar kwalta mu yi arewa da Kelle, mu kunna wa matan da muka tarar a bakin rijiya, sannan mu roƙe su su maimaita mana ranar da za a kawo yaro da sau nawa za a yi masa allurar. Abin da suka faɗa mu rubuta shi yadda yake, mu buga a inda ka buga maƙalarka.